Tsamiyar Kakana

Ku matso, jikoki, ku ara mini kunnuwanku.

Ranar da 'yan makaranta suka zo unguwarmu a Yelwa neman tarihi, ni aka kira, don ni ce babba. Na gyara lulluɓi, na dafa tsamiyar bakin masallaci, na shaida musu kakana ne ya dasa ta tun kafin ruwan Kainji ya ci tsohon gari. Suna ta rubutawa, ni kuwa ina ta ƙari.

Ɗanjuma masunci yana gyaran taru a gindinta. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ai bayan an taso mu na dasa ta. Akuyarki ma ta cinye ta farin."

Yaran suka koma wajensa. Akuyar dai ta daɗe da mutuwa. Ɗanjuma kuwa, da na girme shi, har yau "kakan Inna" unguwa take kiransa, kuma yana amsawa.