Tsayuwar Jarmai a Jirgin Lefe

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da ranar da muka kai lefen Yayana ba. Har gobe idan na tuna sai in ji kamar in fasa talabijin ɗin gidanmu.

A shekarar akwai wani shiri mai dogon zango da ya ɗauke mini hankali. Jarumin, wai shi Jarmai Ɗan Kogi, bai taɓa zama a cikin kwale-kwale ba. Kullum yana tsaye a goshin jirgi, hannu a baya, ido a nesa, iska na kaɗa masa riga. Ni kuwa ƙaton banza, malamin firamare guda a Haɗeja, har tsayuwar nake gwadawa a gaban madubi (ku adana dariyarku, da saura).

Gidan amarya yana wani ƙauye bayan Kirikasamma, ga damina ta yi nisa, ruwa ya cinye hanya, dole sai da jirgi. Aka ce in raka Gwaggo da mata uku, da akwati huɗu da Yaya ya yi shekara biyu yana haɗawa da guminsa a gonar shinkafa. Da za mu fita sai da ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah ka kula da kayan nan, ban da shirme."

Mun kusa gaɓa na hango dangin amarya sun yi cincirindo, har da 'yan mata. Nan fa shaiɗan ya raɗa mini cewa ranata ta zo. Na miƙe.

"Samari, zauna," in ji tsohon da ke tuƙa mu.

"Bar ni, Baba, na saba." (Ni da rabona da shiga jirgi tun ina goye.)

Gwaggo ta daka mini tsawa, "Zauna, ja'iri!"

Ina! Na taka goshin jirgi, na mai da hannu baya, na ɗaga haɓa. Ban kai ga kallon nesa ba jirgin ya karkata. Na yi cikin ruwa, kuma don tsabar rashin hankali na cafko akwatin da ke sama na tafi da shi. Ya buɗe. Atamfofi, leshi, gyale, har da kayan ciki da ba a nuna wa maza, duk suka bazu a kan ruwa. Ni kuwa sai kururuwa nake, "Wayyo Allah! A cece ni!"

Tsohon ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Miƙe mana, ruwan iya cinya ne."

Na miƙe. Iya cinya ne kuwa. A gaban surukai na dinga bin kayan ɗaya bayan ɗaya ina tsincewa, 'yan matan nan suna dariya har da riƙe ciki, Gwaggo na ba da haƙuri kamar ta yi kuka.

A hanyar dawowa tsohon ya tambaye ni wa ya koya mini wannan hauka. Da na faɗa masa sai ya yi tsaki. "Wannan? Ai a nan suka ɗauki abin nasu. Ni da ƙanena muna cikin ruwa muna riƙe masa jirgin. Sau biyu ma ya yi amai."

Wallahi ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba. Matsoraci, maƙaryaci! Shi ana riƙe masa jirgi, ni ya bar ni da kunyar duniya.

An karɓi lefe da ƙyar, Yaya ya yi wata guda ko gaisuwata ba ya amsawa. Matarsa kuwa har yau duk ranar da na je gidan sai ta ɗaura atamfar da launinta ya zuba, ta ce, "Sannu da zuwa, Jarmai. Ta ƙasa aka zo ko ta ruwa?"

Ni dai abincina kawai nake ci. Amma yanzu kafin in kwaikwayi tsayuwar kowa, sai na fara leƙawa na ga wa ke riƙe masa jirgin.