Mashin Ɗin Kwali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman aikin daktilo, wato buga takardu da mashin, ba, ko da na so in manta. Shekarar fari ce, soja na mulki. Shanunmu sun ƙare a ƙauye, Inna ta aiko cewa rumbu ya yi fayau, ni kuwa ina unguwar Kirkissoye a Yamai, gidan Kawu, ina cin tuwonsa ina kallon rufin ɗaki. Sai muka ji wani biro, wato ofis, mai rabon hatsin agaji zai ɗauki mai buga takardu in wata ya kama.

Kawu ya ce, "Ɗana, je ka wajen Madam Rahila, matar nan 'yar Dutsi, ta koya maka a mashin ɗinta."

Na ce, "Haba Kawu! Ita fa sai ta riƙe mutum rabin shekara. Da kaina zan koya." (A lokacin ji nake duk Yamai ba mai kai irin nawa.)

Na haye gada na tafi Babbar Kasuwa, na sami wani Bakano mai sayar da tsofaffin mashinan buga takardu. Na yi kamar mai ciniki, na kwafe jerin haruffan a jikin kwalin sabulu. Safe da yamma ina dukan kwali da yatsu goma, ido rufe, har matar Kawu ta fara tambaya ko a nemo mini rubutun sha. Wallahi na iya! Da a ce da kwali ake aiki a biro, da yanzu ni ne darakta.

Ranar gwaji wani ajidan na soja ya zaunar da mu masu neman aikin, ya ce zai karanta wasiƙa mu buga. Sauran sai leƙen yatsunsu suke. Ni ko, don a san ba sa'ansu ba ne ni, na kafe shi da ido, ko sau ɗaya ban dubi mashin ba. Na riga kowa gamawa, na zare takarda na miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan murmushi.

Ya duba, ya juya ta sama da ƙasa. Ya ce, "Mushe," wato malam a Faransanci, "wannan yaren wace ƙasa ne?"

Ashe mashin ɗin Bakanon na Ingilishi ne, na biro kuwa na Faransanci, haruffansu ba wuri ɗaya suke zaune ba. Ajidan ya ɗaga takardar ya karanta layin farko da ƙarfi, kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya. Ɗakin ya kece da dariya, har sojan bakin ƙofa ya leƙo. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Dariyar ta wuce, amma akwai abin da bai wuce ba. Aikin dai ban samu ba, kafin damina ta faɗi Inna ta sayar da gonar Baba don ta ciyar da ƙannena, kuma har yau in na bi ta gefen gonar nan sai zuciyata ta yi zafi.

Yanzu ko ɗaurin akuya zan koya, sai na nemi wanda ya iya ya tsaya a kaina tun ranar farko. Mai koyo shi kaɗai yana sauri kam, na shaida. Sai dai ba shi da wanda zai ce masa, "Kai, ka saki hanya!"