Ranar da Na Shafa wa Wake Mantaleta

Ba zan taɓa mantawa da waken Hauwa'u ba, ko da zan manta sunana. Hauwa'u jikata ce, tana karatun tsirrai a jami'a nan Wudil. A shekararta ta ƙarshe ta jera min robobi goma sha biyu a tsakar gida, kowace da shukar wake. Shida sun yi kore shar, shida sun tsumbure.

Na ce, "Ke 'yar nan, me ya sami waɗannan?"

Ta ce, "Kaka, a cikin kowane ganye akwai zare, an naɗe shi tam kamar a kwarkwaro. Akwai masu sassauta naɗin, sannan masu sa alama su shiga su ce wurin nan ya yi shiru. Waɗannan shidan ba su da mai sassautawa, shi ya sa sa alamar, wato metileshan, ya yi musu ƙaranci."

Zare na sani, shekara arba'in ina kaɗi. Amma na tsinki ganye na duba, ban ga zare ba. Kalmar bokon ce na kama: mantaleta! (Ashe duk karatun nan a kan man zafin da nake shafa wa gwiwata ne?) Yarinya na tafiya makaranta na ɗauko gwangwanina, na yi bismillah, na bi tsumburarrun ganye-ganye ina shafa musu.

Kashegari malamarta ta zo auna su, da awon nan Hauwa'u za ta gama jami'a. Aka gaisa, aka tambayi gida. Matar ta sunkuya, ta shinshina, ta yi atishawa.

"Kaka, wa ke mura a gidan nan?"

Na miƙa mata gwangwanin da hannu biyu, na ce, "Abin da ya yi musu ƙaranci ne na ƙara musu."

Hauwa'u ta zauna daɓas a ƙasa. "Kaka, da gangan aka bar su haka! Rashin lafiyar ake aunawa!"

Ni dai har yau ban gane karatun da ake gudun waraka a cikinsa ba. Huɗu sun ƙone ƙurmus. Biyun da suka tsira, man ne ya ƙare kafin in kai kansu, kuma da awonsu aka yaye ta daga jami'a.

Tun ranar, in na ji kalmar boko ta yi kama da wadda na sani, gwiwata kawai nake shafa wa, in ja bakina.