Lallen Suna da Na'urar Dangwale

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da kuwa na so in manta. Sati uku ke nan da faruwar abin.

Ni dai iyakar karatuna sakandare. Na gama bara, ina zaune a gidanmu a Azare ina jiran in sake zana jarrabawar shiga jami'a. Yayata, Yaya Sadiya, ita ce 'yar jami'a, tana shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta. Ana tsakiyar zangon karatu Allah Ya sauke ta lafiya, haihuwar fari, aka kawo ta gida wanka. Gwaggonmu ta taso takanas daga Katagum don kula da jegon, ta kuma kafa doka tun ranar da ta sauka: mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in.

Yaya ta ce, "Gwaggo, lakca fa?"

Gwaggo ta ce, "Lakcar ta zo nan ta same ki, ga tabarma."

To, akwai wani kwas da suke yi duk Laraba, wai na batutuwa na musamman. Kamar yadda Yaya ta yi min bayani, ba shi da littafi, ba shi da malami guda. Duk bayan 'yan makonni wani malami ne zai zo da sabon abin da ake yayi a harkar fasaha, ya koyar, ya tafi. Tunda ba abin da mutum zai karanta a gida ya rama, sai suka tsananta a kan zuwa aji: wanda ya yi fashi huɗu ba zai shiga jarrabawa ba, sai baɗi. Yaya ta riga ta yi uku, biyu lokacin da ciki ya yi nauyi, ɗaya satin haihuwa. Saura ɗaya shekararta ta tafi.

Ranar Talata, Gwaggo tana tsakar gida tana hura wutar ruwan wanka, Yaya ta jawo ni ta rage murya.

"Auta, ki rufa min asiri. Sabon malami ne zai fara gobe, bai san kowa ba. Ki sa hijabina ruwan toka, ki zauna can baya kusa da Hajjo ƙawata. In takarda ta zo ki sa hannuna, ki dawo. Ko baki ba sai kin buɗe ba."

Na ce ina tsoro. Ta kalli jaririn, ta kalle ni, idonta ya ciko. Shi ke nan. Na cika shafi biyu ina koyon sa hannunta. (Muna kama sosai, har 'yan unguwa kan kira ni da sunanta. Da wannan na dinga lallashin zuciyata.)

Abin da ban kawo a raina ba shi ne hannuna. Kwana uku kafin nan aka yi suna, kuma ni, a matsayina na ƙanwar mai jego, na zauna an yi min ƙunshi na kece raini. Yatsuna goma duk an tsoma su, lallen ya kama ya yi jawur har yana neman komawa baƙi. Da wannan hannun na ce wa Gwaggo zan je gidan ƙawata, na nufi tasha na hau motar 'yan makaranta.

Hajjo ta tare ni a bakin aji. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta ce duk 'yan ajin sun san da zancen, ba mai tonawa, in dai natsu. Ajin ma ba yawa, ba su fi ashirin ba. Ni da na zaci zan ɓuya a cikin ɗaruruwan mutane!

Malamin ya shigo, Dakta suke ce masa, siriri mai gilashi da fara'a. Ya kunna majigi ya fara Turanci. Jama'a, ni fa na ci Turanci a sakandare, amma wannan kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ga zane-zane a bango, layuka sun murɗe kamar an yanka albasa, ga lambobi, ga kibiyoyi. Kowa na gyaɗa kai, ni ma na dinga gyaɗawa. In suka yi dariya in yi, sai dai tawa takan zo a makare. Rabin hankalina yana kan ƙofa, rabi yana kan takardar sa hannu da ke tahowa layi-layi. Da ta iso na rattaba hannun Yaya, na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina an gama.

Sai Dakta ya buɗe jaka ya fito da wata 'yar na'ura kamar sabulu, ya jona ta da kwamfutarsa. Wannan kam ban nemi fassara ba. Na santa. Ita ce wadda muka dangwala wa yatsa kafin a bar mu shiga ɗakin jarrabawa, wadda aka ce tana kama masu zana wa wani.

Na raɗa wa Hajjo, "Me zai yi da ita?"

Ta ce, "Gwaji ne kawai. Tun farkon zango aka ɗauki yatsunmu. Yi shiru."

Aka ɗauki yatsunsu. Wato na Yaya na ciki, nawa babu.

Ya kira wani saurayi a gaba, ya dangwala, wuta ta yi kore, sunansa ya fito a bango. Ya kira wani, kore. Daga nan ya fara zagayawa tsakanin kujeru, hannu a baya, yana leƙen teburin 'yan mata ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuyar da kai na kama biro da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina (har da ta shiga kasuwa). Takalminsa ya zo daidai ni ya tsaya.

"Yauwa," in ji shi. "Ke nake nema. Taso."

Hajjo ta zungure ni. "Tashi ki je, ba komai." Ba komai! Na kalle ta na ce a raina ashe da ita aka haɗa baki.

Ban san yadda na isa gaban aji ba. Ya tambayi lambata, na karanto ta Yaya da na haddace a mota. Ya buga, sai ga hoton Yaya ƙato a bango, da kumburarriyar fuskarta ta masu ciki, tana kallona. Dakta ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce in dangwala.

Na dangwala. Ja.

"Sake."

Ja.

"Goge a hijabinki ki kawo na hagu."

Ja, har da wata 'yar ƙara. Sai na ga mutumin nan ya washe baki, yana murza hannu, ya juya ga aji yana zuba Turanci cikin murna kamar wanda ya yi tsintuwa. 'Yan aji suna gyaɗa kai. Na ce to, murnar kama ɓarauniya yake yi. Na fara hango Yaya an kore ta, Baba ya ji labari, an kira 'yan sanda, jariri ya girma an ce masa ga innarka da ta kashe wa uwarka karatu.

Ya ce in ɗaga hannu aji su gani. Na ɗaga duka biyun sama, can ƙoli, kamar wadda aka ritsa da bindiga. Aka yi dariya. Ya miƙo min abin magana, ya koma Hausa, cikin taushin murya:

"To, Malama Sadiya, gaya musu da bakinki. Me ya sa na'urar nan ta ƙi ki?"

Na fashe da kuka.

"Wallahi Dakta ba ni ba ce! Ni ƙanwarta ce! Haihuwa ta yi, Gwaggo ta hana ta fita, ita ta ce in zo, wallahi sau ɗaya ne, yau ne farko, ni ko jami'ar ma ban samu ba, don Allah kada a kore ta, sa hannun ma jiya na koya!"

Duk wannan a cikin lasifika. Har 'yan ajin da ke maƙwabtaka sai da suka leƙo ta taga.

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi." Hajjo ta kifa kai a kan tebur. Dakta ya cire gilashinsa, ya dube ni, ya dubi hoton bango, ya sake dubana.

"Baiwar Allah," ya ce, "ni fa lalle nake nufi."

Ashe darasin ranar gaba ɗaya a kan haka yake. Awa guda mutumin nan yana bayanin yadda irin waɗannan na'urori kan ƙi karɓar yatsan matanmu in lalle ya kama sosai, a tsayar da mace a banki ko a ƙofar jarrabawa alhali ita ce da kanta. Zagayen da ya yi, hannu mai ƙunshi yake nema, kuma duk ajin ba wanda ya kai nawa. Jar wutar nan ita yake so ya gani. Kalma ɗaya ake jira in faɗa, in koma kujerata da tafi.

A ofishinsa ya ba ni ruwa, ya sa na kira lambar Yaya, ya karɓi wayar ya buɗe muryarta kowa na ji. Gwaggo ce ta ɗauka.

"Wane ne?"

"Hajiya, malaminta ne daga makaranta."

"To Malam, sannu da aiki. Mai jego dai ba ta fita, ko shugaban makarantar ne ya kira." Sai ta ji shessheƙata. "Wace ce nan? Auta? Gidan ƙawar taki ke nan?"

Da Yaya ta karɓi wayar, Dakta bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce ya soke sa hannun, kuma dole ya sanar da shugaban sashe. Sannan ya tambaye ta abin da ya sa ba ta rubuto takardar neman uzuri ta haɗo da shaidar asibiti ba, tunda ana karɓa in haihuwa ce. Yaya ta ce ita ba ta san ana karɓa ba. Ba ta taɓa tambaya ba. Ni kuma ina tsaye ina tunanin shafi biyun da na cika.

Kwana takwas muka yi ba mu san matsayinta ba. Kwana biyun farko Yaya ba ta ce min uffan ba. A na uku ina miƙa mata kunun kanwa ta kalle ni ta ce, "Lalle, Auta. Lalle kawai za ki ce!" Na ce ai da ta gaya min abin da ake koyarwa. Ta ce ita ma ina ta sani, ba kwas ɗin ke nan ba? Gwaggo kuwa ta raba mana faɗan daidai, safe da yamma, kamar magani.

Daga ƙarshe an karɓi uzurinta, aka haɗa mata da takardar gargaɗi. Za ta zana jarrabawa. Sai dai Dakta ya ɗora mata aiki: ta rubuta rahoto a kan yadda na'urar ke fara gane yatsa yayin da lalle ke gogewa. Tunda mai rahoton ba ta fita, kuma hannun da aka fara gwajin da shi nawa ne, sai ga ni duk Laraba a motar 'yan makaranta, wannan karon da sunana da hijabina, bayan Dakta ya shigar da yatsuna a na'urar. In dangwala, Hajjo ta rubuta, in kawo wa Yaya. Ina shiga ajin sai samarin baya su ɗaga hannu biyu sama.

Darasin da na ɗauka guda biyu ne. Na farko, ba zan ƙara zama a kujerar wani ba, ko wace ce ta yi min kuka. Na biyu kuma, in mutum ya ce in faɗi laifina, zan fara tambayarsa wanne daga ciki ya sani.