Zari-ruga a Kan Farin Yadin Kaka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wasan ƙwallon zari-ruga ƙauyenmu Jiratawa ba. Ni ke juya majigi a kulob ɗin Nasaru na Maraɗi (ba wanda ya koya min, leƙe ne da karambani). Duk wata ake aiko musu fim ɗin wasan daga Faransa, haɗe da takardar da ta ce a kulob kaɗai za a nuna shi. Kai, na kamu! Har na gane iri biyu ne, na 'yan wasa sha uku da na 'yan wasa sha biyar, kowane da masu ikon nuna shi. Wanda duk na tare a kasuwa sai ya sha bayani.

Kakana kuwa ya ce aikin inuwa ba sana'a ba ce. Ya yanke: in na kasa nuna mishi amfaninta, in dawo fadama ban ruwan albasa.

Ran Lahadi, Nasaru na barcin rana, na naɗe majigin da fim ɗin a buhu na yi Jiratawa, wani direban babbar mota ya ara min batir. Na sami mangaza mai duhu, ɗakin ajiyar gyaɗa, na gayyato tsofaffin unguwa, har da Kaka. Saura farin ƙyalle. Na faɗa ɗakin Kaka, na buɗe adakarshi, can ƙasa ga yadi fari ƙal, an ninke shi tsaf, yana ƙamshin turare. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. (Ko a raina ban tambayi abin da ya sa aka ɓoye shi haka ba.)

Na rataye yadin a mangazar, aka rufe ƙofa. Fim ɗin ba ya magana, ƙarar majigin kawai kake ji. Ƙatti suka fito a kan yadin, fuskoki fari fat, ba jini, suna buɗe baki ba sauti. Ni ko sai zuba nake: "Ku duba, baya ake miƙa ƙwallon!" Ƙattin suka haɗa kai suka duƙa, kamar masu haƙa rami. Da suka watse, ɗaya na kwance bai motsi. Mutum huɗu suka ɗauko shi a kan abu kamar makara. Daidai nan batir ya fara sanyi, suka riƙa tafiya a hankali, a hankali, hasken na yin ja. Yadin ya motsa, alhali ba iska a ɗakin.

Sai na ga inuwar Kaka ta miƙe cikin hasken. Ya je ya shafa gefen yadin, ya sunsuna. Masu makarar suka bi ta bayan rigarshi suka wuce.

"Kai, ja'iri. Ina ka ɗauko wanga?"

"Adakarka, Tsoho."

"Likkafanina ne."

Wani ya ce innalillahi. Tsofaffi suka fara fita da baya da baya, ba mai neman takalminshi. Liman ya tsaya bakin ƙofa yana tofa addu'a, bai ko dube ni ba.

Kaka ya ce, "Da ƙafa na je Makka na wanko shi da zamzam. Ni mai shi ban shiga ba, ka zuba min Nasara talatin ciki, har da gawarsu. Mi na yi maka?"

Na buɗe baki, ba sauti, sak mutanen fim ɗin.

Shi da kanshi ya kwance yadin, ya ninke, bai bari na taɓa ba. Ya ce in maida wa Nasaru kayansu, gobe da safe yana jirana a fadama. Rani biyu na yi ina ban ruwa, tsofaffi in sun hango ni sai su sake hanya.

Har yau ina son zari-ruga, in kun zauna zan yi muku bayanin dokokinta kaf. Amma farin yadi mai ƙamshi a ƙasan adakar tsoho, ɗan'uwa, rufe ka ja da baya. Ba naka ba ne tukuna.