Farfesan Sitiyari da Zagayen Ƙarshe

Idan ana zancen sanin mota, kowa ya kama bakinsa, ga Farfesan Sitiyari nan tafe. Ba wata jami'a ce ta ba shi sunan ba. 'Yan ofis ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin kofin shayinsa. Aikinsa a kamfanin buga hatimi a takardu ne, amma wannan ƙaddara ce kawai. A cewarsa, ranar da ya zaɓi aikin ofis, ranar duniyar tseren motoci ta yi asarar gwaninta.

Mutum ne mai baiwa. Mota na wucewa a titi zai runtse ido, ya karkata kunne, ya ce, "Wannan injin kwana uku suka rage masa." Motar takan ƙara shekara biyar tana aiki, amma wannan taurin kan injin ne, ba kuskuren Farfesa ba.

Ana nan sai shugaban sashen sufuri ya yi ritaya. Mutum biyu ake hasashen za su gaje shi: Farfesa, da Baba Direba, dattijon da ya shekara talatin yana tuƙa motocin kamfanin ko bango bai taɓa gogewa ba. Da Farfesa ya ji ƙishin-ƙishin sabon Manaja mayen kallon tsere ne, sai ya gayyace shi gida ranar Lahadi da rana, su kalli tseren ƙarshe na shekara. Ya haɗa da Baba Direba, don Manaja ya gani da idonsa bambancin mai ilimi da mai murɗa sitiyari.

Baƙi suka tarar da shi cikin jar rigar sanyi mai zif har wuya, ga zafin rana, gumi na bin ƙeyarsa. Ya jera rimot uku a kan tebur, biyu ba batir. Da matarsa ta kawo lemo, ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta gifta gaban talabijin. Ana fara tsere ya kashe muryar mai sharhi.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri," in ji shi. "Yaron nan yana ƙoƙari, amma ba zan bari ya ɓata maka fahimta ba."

Zagaye hamsin Farfesa ya yi yana tuƙi daga kan kujera. Ya taka birki da ƙafar dama, ya kwanta a kowace kwana, ya tsawata wa direbobin da ba sa jin shawara. Tun farko ya ɗauki jar mota a matsayin gwanarsa. Saura zagaye goma, shuɗiyar da ke bin ta ta ratse ta sauya tayoyi, jar kuwa ta zarce.

Baba Direba ya ɗan matso. "Ni dai tayar bayan jar nan ba ta kwanta mini ba. Tana rawa a kwana."

Farfesa ya yi dariya har da buga cinya. "Baba, wannan ba motar kai takarda ba ce. Abin da ka gani sunansa dabara. Yallaɓai, rubuta ka ajiye: in jar nan ba ta ci ba, kada a sake kira na Farfesa."

Aka shiga zagayen ƙarshe. Shuɗiya ta manne wa jar kamar an ɗaure su da igiya. Manaja ya dawo bakin kujera, lemonsa na tsiyaya a kan takalminsa bai sani ba. Jar ta shiga kwanar ƙarshe tana gaba, ga mai tutar kammala tsere can ya ɗaga hannu. Farfesa ya ga ba sauran abin kallo. Ya yi tsalle ya dire gaban talabijin, ya ba ta baya, ya ware hannuwa, ya rufe ta ruf.

"Jama'a, abin da kuka gani yanzu shi ake kira hangen nesa! Sashen sufuri ba ƙafa yake buƙata ba, ƙwaƙwalwa yake buƙata!"

"Kai!" in ji Manaja, yana leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa.

"Na gode, Yallaɓai. Kuma kamar yadda nake cewa..."

"Malam, matsa mana!"

Kafin ya matsa an gama. Tayar jar ta fashe, motar ta yi juyi biyu tana tartsatsi, shuɗiya ta kutsa ta gefenta ta tsallake layi. Ƙarshen da za a shekara ana labarinsa, Manaja bai ga komai a cikinsa ba sai zif ɗin Farfesa.

Farfesa ya juya ya ga jar a kan ciyawa tana hayaƙi. Ya gyara murya. "Dama abin da nake shirin faɗa ke nan."

Manaja ya ɗauki makullinsa ya fita. A tsakar gida ya tarar motar Farfesa ta tare tasa.

"Ɗan ja ta baya in fita."

Farfesa ya shiga da ƙasaita. Ya gyara madubi. Ya gyara kujera. Ya sake gyara madubi. Ya taɓa wani abu, magogin gilashi ya hau aiki. Ya taɓa wani, ham ta ɗauka. Can ya leƙo ta taga, murya ƙasa-ƙasa: "Maman yara!"

Ta fito tana goge hannu da tawul. "Sauko, Baban yara, kada ka sake cinye mana ƙofa." Ta dubi Manaja cikin ladabi. "A yi haƙuri, Yallaɓai, sau huɗu yana faɗuwa gwajin tuƙi. Ni nake sauke shi a bayan ofishinku kullum, ya ƙarasa da ƙafa."

Da hannu ɗaya ta yi ribas, ta ajiye motar a gefe tsaf. Manaja ya buɗe wa Baba Direba ƙofar gaba da kansa, ya ce, "Shigo, Baba, muna da magana a hanya."

Har suka fice Farfesa na tsaye a tsakar gida yana kaɗa wa matarsa hannu, yana cewa, "Yanke! Yanke! Yawwa, haka nake so!" Ita kuwa tuni ta kashe mota ta koma kicin.