Rasuwar Firigon Labo, da Abin da Na Gani a Bayansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma a buɗe, ni Attaher, ma'aikacin labo, wato ɗakin awon jini, a wani ƙaramin asibiti nan Tawa, nake sanar da rasuwar firigonmu, wanda ya cika a wannan shekara ta 1994.

Marigayin ba mai surutu ba ne. In wuta ta zo ya ce "gurrr", in ta tafi ya ce "kit", ya riƙe sanyinsa har ta dawo. Mu nan ba mu da na'urar auna bitamin D. Mukan ɗebi jinin yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, mu juya shi a inji har ruwan jinin ya taso sama, mu ba marigayin ya daskarar kafin a samu motar da za ta kai inda ake awon. Bai taɓa narkar da na kowa ba.

Lafiyarsa lau muka kulle labo muka shiga yajin aiki. Da muka dawo na tarar da shi da ɗumi, ruwa kwance ƙarƙashinsa. Majo, shugaban asibitin, ya ce tsufa ne. Rissa mai gyara ya ce ajali, tun daga bakin ƙofa, bai ko ajiye kayan aikinsa ba. Ni dai na ja shi daga bango na leƙa. Injin bayansa baƙi na san shi, yanzu shuɗi ne mai tsatsa, kusoshin kuma sababbi. Mabuɗin labo daga ni sai majo, wanda maiɗakinsa ta fara sayar da ƙanƙara a watan nan. 

Ya bar injin juya jini, da kwalaben jinin yaran garuruwan Barmu da Affala waɗanda suka lalace tare da shi. Ya bar Lalla, da ta goyo ɗanta tun daga Takanamat, ta riƙe shi yana kuka har na samu jijiya. Ni ne zan aika mata ta sake kawo shi, ban kuma san ko za ta yarda ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, ƙarƙashin dogon yaron bayan labo. Majo ya nemi a ba shi gawar ya hutar da mu. Mun gode, mun ƙi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar labo, kuma da kaina zan tsaya in dubi idon duk wanda ya zo.